Hannun Kaka Ta Taga

Ran Asabar da hantsi 'Yar Kamasho tana durƙushe a ɗakin Kaka, tana ɗaura mata na'urar awon jini a damtse. Jikan tsohuwar, Auta mai gyaran firji, wanda saura wata biyu a ɗaura musu aure, shi ne ya laƙaba mata wannan suna. Aikinta sayar da inshorar lafiya ne. Ba ta da albashi, sai kamasho a kan duk wanda ta yi wa rajista. Da jaka da fom ta fara shigowa gidan bara, ta fita da sa hannun Kaka da zuciyar Auta gaba ɗaya.

"Kaka, ya hau fa! Kin ci gishiri."

"Sharrin injin ne, 'yar nan. Ko ɗanɗanawa ban yi ba."

"To kwanon da ke ƙarƙashin gado fa, na wa ne?"

Suna cikin dariya Gwaggo, 'yar Kaka, ta ɗaga labule. Ita ce ta raini Auta tun rasuwar uwarsa, kuma a kansa ko ƙuda ba ta yarda da shi ba.

"Yi ta dariya, Inna! Na bincika, na gano komai. Duk shekarar da kika sabunta katin inshorar nan sai an ba ta kasonta. Ba ke take dubawa ba, gonarta take yi wa ban ruwa!"

"Gaskiya ne ana ba ni, Gwaggo," in ji yarinyar. "Ai ban taɓa ɓoyewa ba, amma—"

"Kin ji ko! To na mayar da katin hannun wani wakili. Maganar aure kuma a jingine ta. Kada ƙafarki ta sake taka gidan nan."

Yarinyar ta yi kuka ranar, kuka mai cin rai, don tana son Auta son da ba ta iya ɓoyewa. Da yamma ya kira ta yana huci.

"Wallahi yau sai na gaya mata—"

"Don Allah, kar ka ɗaga wa wadda ta goya ka murya saboda ni. Ka yi haƙuri kawai."

Ran Litinin ta nemi sabon wakilin, ta karanta masa komai: ƙwayar safe, ƙwayar dare, ranar ganin likita, har da maganar kwanon ƙarƙashin gado.

"Sori fa," ya ce. "Ni kati nake sayarwa, ba nas ba ne."

Wannan magana ce ta hana ta sukuni. Asabar na zuwa ta ɗauki jakarta. An ce kar ta taka gidan, ba a ce kar ta bi lungun baya ba, kuma tagar Kaka a lungun take. Ta ƙwanƙwasa a hankali. Kaka ta leƙo, ta yi murmushi irin na wadda ta daɗe tana jira, ta zuro hannu tsakanin ƙarafa.

"Kar ki gaya wa kowa, Kaka. Ko Auta."

Haka suka yi Asabar uku. A ta huɗu Gwaggo ta zagayo zubar da shara, ta tarar da hannun uwarta a waje, yarinya ta hau kan bulo tana matsa 'yar robar na'urar awon jini.

"Me zan gani haka? Ke nawa ake biyan ki a nan kuma?"

"Ko sisi, Gwaggo. Maganinta ne ke ƙarewa yau, kuma ita ba ta faɗa."

Kaka ta manna fuska jikin ƙarfen taga.

"Ke, saurara! Ku duk da ke gidan nan, sai na mutu za ku samu wani abu a wurina. Ita kaɗai ce ake biya don ina raye, shi ne kika ga laifinta? To kin yanke biyan, ga ta nan a kan bulo cikin rana. Yanzu me ya rage?"

Kunya ta kama Gwaggo sosai, don masifaffiya ce amma ba azzaluma ba. Can ta ajiye kwandon shara, ta naɗe hannun riga.

"Tunda kin kawo injin, auna ni. Kaina ke sarawa tun jiya."

Aka auna. Na Gwaggo ya fi na Kaka hawa nesa ba kusa ba. Tsohuwa ta yi ta dariya har da tari.

"Sauko daga bulon nan, 'yata," in ji Gwaggo, idonta ya kawo ruwa. "Ki shigo ta ƙofa. Ki yafe mini, kuma ki taho da fom ɗin naki."

Ba a ɗaga ranar aure ko da kwana ɗaya ba. Auta ya yi ta washe baki har abokai suka ce a kawo injin a auna shi.

Ku 'yan mata da samari, cin halak a sana'arku ba abin kunya ba ne. Amma ku zama masu zuwa ko an daina biya, ku haƙura idan an yi muku mummunar fahimta. 'Yar Kamasho ta haƙura, ga shi yau Gwaggo ce ke kiran ta tun ran Juma'a, tana tuna mata kar ta manta da injin.