An Kira Ciwonta Shaye-Shaye

“Ga su nan, Alhaji! Yau dai ka gani da idonka!” Hajiya Uwani ce ta zazzage baƙar leda a tsakiyar falo, fankon katin magani suka watse a kan tayil har ƙarƙashin kujeru. Daga ƙasan katifar Nafisa ta zaƙulo su da safiyar nan, kuma sai da ta kira kuku da direba suka tsaya a bakin ƙofa, don a yi tonon sililin a gaban shaidu. Nafisa na durƙushe ta dafe ƙwaurinta na hagu, hawaye na jiƙa hijabin makarantarta.

“Baffa, wallahi asfirin ne... ƙafata ce ke ciwo. In na sha sai ya lafa.”

“Ka ji ko? In ta sha sai ya lafa! Ai duk ’yan ƙwaya haka suke cewa.”

Allah sarki maraici! Tun da iyayenta suka rasu a Kaura Goje, ƙanin mahaifinta Alhaji Ƙasimu ya ɗauko ta ya kawo gidansa na Nassarawa GRA, ya sa ta makaranta ɗaya da ’ya’yansa. Laifinta a wurin Hajiya guda ne: ta fi su ƙoƙari, kuma Alhaji ba ya gajiya da faɗin haka. Ana nan sai ciwo ya kama ta a ƙashin ƙwauri, ciwo mai huda kamar ana buga ƙusa, wanda ya fi tsananta in an kwanta barci. Ba kumburi, ba rauni, ba abin da za ta nuna wa mutum ya tausaya mata. An taɓa ɗaukar hoton ƙafar a wani ƙaramin asibiti a Badawa, hoton bai nuna komai ba, ai kuwa Hajiya ta samu abin riƙewa. Yarinya ta rame, idanunta suka yi ja don rashin barci, tana gyangyaɗi a aji, tana ɗingishi a hanya, kuma kowanne daga cikin waɗannan sai Hajiya ta ce alamar maye ce.

Ba ta tsaya a gida ba. A islamiyyar matan unguwa ta miƙe, har da matse hawaye, ta ce a taya ta addu’a, marainiyar da suke riƙo ta lalace da shaye-shaye. Tun daga nan iyaye suka hana ’ya’yansu zama kusa da Nafisa, in ta yi sallama a ƙofar gida sai maigadi ya ce ba kowa. Yanzu kuma ga magana mafi muni: an gama shiri da wani gidan mari a bayan gari, inda ake ɗaure kangararru. Ƙafar da ke hana ta barci, ita za a sa wa ƙarfe! Alhaji mutumin kirki ne, amma ba ya iya tsallake maganar matarsa, ya sunkuyar da kai kawai. Nafisa ta ɗaga hannu tana kuka. “Ya Allah, Kai ne shaidata... ba ni da kowa sai Kai.”

Hajiya da kanta ta ce a fara biyawa babban asibiti a yi gwajin fitsari, wai don kada dangin uwar yarinyar su ce an yi mata sharri. Tana gaba tana taƙama, Alhaji da Nafisa na biye, suka shiga ofishin Dakta Loretta, wata likita ’yar Zariya mai sanyin magana. Gwaji ya fito fes, babu ko ɗigon kayan maye. Hajiya ta ce ai wayo ne, ta gyara zama ta shiga zuba.

“Likita, ni na san abin da nake gani. Sai ta kwana tana ihu, da ta haɗiyi abin nan kuwa, kafin ki ce me ta miƙe garau. Wane irin ciwo ne wannan?”

Likitar ta ajiye biro. “Hajiya, sake faɗa min. Da dare yake tashi? Kuma asfirin kaɗai ke kwantar da shi?”

“Ƙwarai kuwa! Ni ce shaida.”

“To kin yi shaida mai kyau, don ciwon da kika kwatanta muna da sunansa a littafi.”

Aka shigar da Nafisa cikin babbar na’urar hoto mai zagaye, wadda ke ganin ƙashi ciki da waje. Da hoton ya fito, likitar ta juya allon ta nuna wa Alhaji da yatsa: wani ɗan ƙari ne a cikin ƙashin, bai fi girman wake ɗaya ba. Ta ce ba ciwon daji ba ne, ba ya yaɗuwa, amma zafinsa kan sa ƙato kuka, kuma irin hoton da aka ɗauka da farko yakan kasa ganinsa. “Alhaji, yarinyar nan ta yi haƙurin da ba kowa zai iya ba.” Nan fa dattijo ya fashe da kuka a gaban mutane, ya riƙe hannun Nafisa yana cewa, “Ki yafe min, ’yata... me zan gaya wa ɗan’uwana ranar gobe ƙiyama?”

Aikin ma ba yanka aka yi ba. Aka sa ta barci, aka zura wata siririyar allura har cikin ƙashin ana bin ta da hoto, bakin allurar ya yi zafi ya ƙone ƙarin ƙurmus. Da ta farka filasta ɗaya ta gani a ƙwaurinta. Washegari ta buɗe ido rana ta take, ta yi barcin da ta manta daɗinsa, ta taka ƙasa ta ji shiru... ba ciwo! Ta faɗi ta yi sujada tana dariya tana kuka.

Alhaji bai daki Hajiya ba, bai kuma zage ta ba. Cewa ya yi inda ta tsaya ta ɓata yarinyar, nan za ta koma ta wanke ta da bakinta, in ba haka ba ta haɗa kayanta. Ranar Asabar kuwa islamiyya ta cika maƙil, har waɗanda suka daina zuwa sun zo. Nafisa ta shigo tana tafiya tsaf ba ɗingishi, mata na ja da baya suna ba ta hanya, wasu na share ido da gefen mayafi. Hajiya Uwani ta miƙe, gwalagwalai a hannu, gumi na karyo mata, ta fara magana ƙasa-ƙasa.

“Abin da na faɗa a kan yarinyar nan... ba gaskiya ba ne.”

Sai wata tsohuwa daga can layin baya ta ɗaga sandarta. “Hajiya, ɗaga murya, ’yar nan! Mu na baya ba mu ji ba.”

Dole ta sake faɗa, da ƙarfi, har maigadin bakin ƙofa ya ji.