Kwalbar Teresio

Da hantsin Litinin aka kira caji ofis na garin Alba daga ƙauyenmu: an sace tsohuwar jar giya a gidan Teresio Chiola. Kwalba ɗaya tak. Sufeto Ettore Bertola, ɗan ƙauyen ne da ya yi shekara ashirin bai leƙo mu ba, ya taho da kansa.

Loredana, 'yar Teresio, ta tare shi a bakin ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa, tana huci.

"Ta kakar inabin 1978 ce, ita kaɗai ta rage. Asabar za a kai ta gwanjo. Ko waye, sai ya kwana a kurkuku."

"Babanki fa?" in ji Sufeto.

"Shekara biyu yana gidan tsofaffi. Ko ni ba ya ganewa."

Sufeto ya sauka. Warin ganga da danshi ya buge shi, ya tuna ɗakin kakansa, har kewa ta kama shi. A kan tebur mai ƙura akwai shatin gindin kwalba, gefe kuma ɗigon kyandir, alhali fitilar lantarki lafiyarta lau.

Ya yi murmushi. Ɓarawon kasuwa sunkuta yake ya arce. Wannan kuwa ya tsayar da kwalbar ta kwana, lakarta ta kwanta, sannan ya dawo ya tsiyaye ta a hasken kyandir, yadda tsofaffinmu ke yi.

Mutum ɗaya ya rage a ƙauyen mai irin wannan haƙuri: Secondo Taricco, abokin noman Teresio. Sufeto ya same shi yana ɗaure reshen inabi.

"Baba Secondo, yaushe rabonka da gidan Chiola?"

"Kai, Ettore! Kai da na sha kora daga gonar nan, yau ni kake tuhuma? Tun da aka tafi da shi ban taka ba."

"Gidan tsofaffin fa?"

"Kullum ran Lahadi nake zuwa. Kofi nake kai masa a fulas. Laifi ne?"

A gidan tsofaffin, nas ta rantse ko ɗigon giya ba ya shiga. Sufeto ya nemi rigar da Teresio ya sa jiya. Ta ɗauko ta daga kwandon wanki. Ga tabo nan ja a ƙirji, kuma kofi bai taɓa yin ja ba.

Da azahar ya koma gonar. Secondo na zaune bakin ƙofar gidansa, ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci, kwalbar babu komai a cinyarsa.

"Ka daɗe," in ji tsohon. "Ni na ɗauka. Mu biyu, ni da Teresio, muka tsinki inabin, muka matse, muka toshe bakinta. Muka ce sai mun cika tamanin za mu sha. Na cika a watan jiya. In zuba ido wani mai kuɗi ya ajiye ta yana nuna wa baƙi?"

"Ai da ka roƙi Loredana."

"Na roƙa. Ta ce wanda bai san sunansa ba, me zai sani a giya."

Sufeto ya rubuta, ya rufe littafinsa. Bai so aikinsa ba a ranar, ko kaɗan. Amma akwai tambayar da ta fi ƙarfinsa.

"Baba, yaya giyar ta yi?"

Secondo ya yi dariya har da hawaye.

"Ta mutu, ɗana. Tsami kamar me! Mun jira har ta wuce lokacinta. Amma da Teresio ya kurɓa, sai ya yamutsa fuska, ya dube ni ido cikin ido ya ce, 'Secondo, jaki, na gaya maka mun yi gaggawar tsinke inabin nan.'"

Ya goge ido da bayan hannu.

"Shekara biyu bai kira sunana ba."

Sufeto ya bar ankwa a aljihu. Ya karɓi kwalbar, ya kama gwiwar hannun tsohon, ya buɗe masa ƙofar gaba ta motarsa, ba ta baya inda masu laifi ke zama ba.