Gwangwanayen Inna Hajo

A shekarar da soja suka koma bariki, akwai wata yarinya 'yar aji shida a Gwammaja. Tana da ƙoƙari, amma akwai rawar kai. In abu bai yi mata ba sai ta gyara shi, ko da ba nata ba ne.

Kakarta, Inna Hajo, ita ke daka yajin jego a unguwar. Idonta ya yi rauni, amma hannunta bai manta aikinsa ba. A ɗakinta akwai gwangwanaye birjik: na madara, na tumatir, wani dogo, wani a lotse. Kowanne da kayan yajin da ke ciki.

Wata rana malamar ajinsu, Malama Ladi, ta ce kowa ya ƙirƙiro abin da zai sauƙaƙa wa wani aiki a gidansu. Nan take yarinyar ta tuna gwangwanayen nan masu tsatsa. Dama ta daɗe tana jin kunyarsu in ƙawayenta sun zo.

Ta roƙi mai shayin bakin layi robobin bota iri ɗaya. Ta wanke su tas, ta rubuta suna a jikin kowacce. Ranar da Inna ta je barkar haihuwa gidan maƙwabciyarsu Larai, sai ta juye komai a ciki. Tsoffin gwangwanayen kuwa ta ba masu sayen gwangwani. Ko sau ɗaya ba ta tambayi mai kayan ba.

Da Inna ta dawo ta laluba, sai ta tsaya cak.

"Wa ya taɓa min kaya?"

"Ni ce, Inna. Ga suna a jikin kowacce."

"Ni da ban yi boko ba? Kuma da wane idon zan gani?"

Yarinyar ta turo baki ta fice. A ganinta, ai godiya ya kamata a yi mata.

Ranar Alhamis Inna ta daka wa Larai yaji. Citta da kanumfari da masoro ta gane su da ƙamshi. Amma gishiri da dakakkiyar kanwa ba su da ƙamshi, ga shi tana azumi, ba halin ɗanɗanawa. Kafin la'asar aka dawo da kwanon. Kanwa ce zalla a ciki, yajin ba ya ciwuwa.

Baban yarinyar bai tsaya bincike ba. Ya ce idon Inna ya tafi, ta huta haka nan, kada a zo a cutar da mai jego. Ya ɗauke turminta ya kai soro. Haba, wannan ai zalunci ne! Wata ta yi ɓarna, an hukunta wata.

Inna ta ɗaga babban yatsanta.

"Kwanan baya na bi layi a rana, aka tambaye ni wanda nake so ya mulki ƙasa. Da wannan yatsan na dangwala. Amma a ɗakina, a kan gishirina da turmina, ba mai tambayata?"

Daga ranar ta daina fitowa tsakar gida.

Yarinyar ta kai wa Malama Ladi ƙara cikin fushi. Ta ce ta sha wahala, an ƙi gode mata, ga shi kuma Baba ya ɗora wa Inna laifi. Malama ta bari ta gama.

"Inna ta taɓa ce miki gwangwanayen sun dame ta?"

"A'a."

"To wa suka dama?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Ni."

Malama ta ce ta koma ta zauna kusa da Inna, ta kalli yadda take aiki, ta tambaye ta abin da ke ba ta wahala. Sannan ta yi na gwaji, ta ba ta ta gwada. In bai yi ba, ta sake.

Yarinyar ta koma gida ta gaya wa Baba cewa ita ta jawo, sannan ta durƙusa ta ba Inna haƙuri. Inna ta sha ƙamshi na ɗan lokaci, daga baya ta saki. Ta ce da hannu take gane kowane gwangwani, dogon na gishiri ne, lotsattsen na kanwa. Yarinyar ta kuma lura da wani abu. Inna da wuƙa take ɓamɓare murfi, domin yatsunta suna ciwo. Ashe abin da ya daɗe yana damunta ke nan, ba tsatsa ba.

Ta roƙi guntayen fata wajen dukawa a Kasuwar Kurmi. Ta huda kowane murfi ta sa masa mariƙi, ta yi ƙulli ɗaya a wannan, biyu a wancan. Inna ta ja, murfi ya buɗe salin alin, amma ta yamutsa fuska.

"Sai in zauna ina ƙirga ƙulli kamar carbi? Sake."

Ran yarinyar ya sosu, amma ta sake. Gishiri ya samu mariƙin fata, kanwa igiyar kaba, citta tsumma, barkono kuwa ƙwayar wuri, irin kuɗin da. Inna ta shafa su ɗaya bayan ɗaya, ta ce a kira mata Baba.

A gabansa ta rufe fuska da mayafi. Duk abin da ya ambata, sai ta miƙo masa ba kuskure. Kunya ta kama shi. Da kansa ya ɗauko turmin ya ajiye a gabanta, ya ce, "Ki yafe min, Inna."

Washegari ƙamshin yaji ya cika layin, Larai ta aiko da godiya. Yarinyar ta gane cewa in za ka yi wa mutum abu, ka fara tambayarsa, ka kuma bari ya gwada, domin shi zai yi amfani da shi, ba kai ba.

Da yamma Inna ta ce taɓaryar nan ta fara isarta. Yarinyar ta yi zumbur za ta ɗauke ta, sai ta tsaya. Ta dawo ta zauna.

"Inna, ta ina take damunki?"