Kofi Na Biyu

A filin kokawar Gidan Rumji Rufaida ta fara ganin Labo, zufa na zuba daga jikinsa kamar an tsamo shi daga rijiya. Ma'aikaciyar jinya ce, an turo ta da akwatin magani. Tausayi ya kama ta, ta miƙa masa kofin ruwa.

Ya kalli kofin, ya kalle ta, ya girgiza kai.

Ba wulaƙanci ba ne. Ɗan kokawa ba ya shan ruwan hannun kowa a fili, don tsoron asiri. Lemun gwangwani mai sa ƙarfi kawai Labo ke sha, wanda ya fasa da kansa. Kafin la'asar jijiyar ƙafarsa ta ɗaure, ya zube ba tare da kowa ya kada shi ba. Ita ta yi jinyarsa, kuma ciwon bai warke ba sai da ya samu lambarta.

Ta rubuta masa: "Jarumina, gwangwanin nan bugun zuciya kawai yake ƙara maka. Atisayen safe, ruwa ya ishe ka. Ranar da za ka wuni kana zufa, a sa masa ɗan gishiri da sukari."

Ya amsa: "Likitata, ko tafki kika ce zan shanye. A fili ne kaɗai ba ni iyawa."

Ashe mahaifinta Malam Inusa yana filin ranar. Da maganar aure ta taso, ya ɗaure fuska.

"Wanda ya ƙi ruwan ɗiyata gaban jama'a, mi yake nuhi? Mu masu asiri ne? In bai yarda da hannunta ba, tuwon wa zai ci?"

Rufaida ta yi kuka, kuma abin da ya fi mata ciwo shi ne ta san Baba bai yi ƙarya ba.

Bayan girbi aka yi gasa a Gidan Sori, Labo ya kai karon ƙarshe. Maigidansa Chindo ya miƙo gwangwani, shi kuwa ya ratsa fili ya tsaya gaban Rufaida, wadda ke gefe da akwatin maganinta.

"Ba ni ruwa, Rufaida."

"Labo, ka haukace?" in ji Chindo.

Ya shanye tas. Aka kama kokawa, aka daɗe ana juyi, sai ga Labo a ƙasa.

Nan take gunaguni ya tashi, idanu suka koma kan Rufaida. Ta sunkuyar da kai.

Labo ya tashi, ya kakkaɓe ƙasa, ya dawo gabanta ya ɗaga murya.

"Ya hi ni ƙarhi ne kawai. Ƙara mini."

Malam Inusa, da ke cikin 'yan kallo, ya ga Labo ya shanye kofi na biyu. Sai ya ce, "Yaro, turo magabatanka."

Ranar ɗaurin aure ya dafa kansu ya ce, "Allah Ya yi muku albarka, Ya sa ku sha ruwan juna har tsuhwa."

Chindo ne ya fi kowa ɗaga murya wajen cewa amin.