Kaset ɗin da Ya Dawo daga Kududdufi

Ku matso, ku rage wa fitilar nan haske. Ke Ladidi, in kin san za ki hana mu barci da ihu, tashi tun yanzu ki koma wajen Gwaggo. Wannan ba tatsuniya ba ce, ba sai kun ce ta zo ku ji ta ba. Mutumin yana nan da ransa a Tudun Wadar Zariya, Zubairu mai gyaran waya, wanda ba ya dariya.

Uban Zubairu, Malam Bashari, ma'aikacin jirgin ƙasa ne. An taɓa tura shi kwas Ingila, ya dawo wa 'ya'yansa biyu da kwamfuta. Ba irin wadda kuka sani ba. Wata aba ce mai ruwan toka kamar tafireta, ba ta da allon kanta sai an jona ta da talabijin. Gem ɗinta kuma a kaset yake, irin kaset ɗin waƙa. Za ka sa shi a rikoda ka danna, ya yi ta ƙara kamar kukan gyare wajen minti goma, sannan gem ya fito. In aka ɗauke wuta a tsakiya, shi ke nan, sai gobe.

Zubairu yana da shekara goma sha biyu, ƙanensa Nafi'u shida. Akwai gem ɗaya da suka fi so, na wasu mutane biyu masu hawa tsani suna tsintar makullai. Na mutum biyu ne, amma Zubairu shi kaɗai yake bugawa. Aikin Nafi'u shi ne ya mayar da kaset baya da biro, ya danna rikoda, ya zauna ya zuba ido. Kullum ce masa ake yi an jima.

Ran nan da bazara, bayan azahar, uwarsu Inna Yalwa ta sa wa ƙofar gida sakata ta kwanta. Dokar Malam Bashari ce, saboda kududdufin da ke bayan unguwa. Sakatar tana sama, hannun Nafi'u ba ya kaiwa.

Yaran suna ɗakin zaure. Nafi'u ya zo danna rikoda, yatsansa ya haɗa da jan maɓallin nan na ɗaukar magana. Kafin Zubairu ya gane, rikoda ta fara shafe gem tana ɗaukar abin da ake yi a ɗaki. Ransa ya ɓaci. Bai ko tsaya kashe ta ba, ya kwaɗa wa yaron mari, ya ja shi har ƙofa, ya zare sakata, ya tura shi waje. Ya ce ya tafi kududdufi wajen 'yan uwansa marasa hankali. Sannan ya zauna a zaure yana huci, sai can ya koma ɗaki ya kashe rikodar.

Bayan la'asar aka tsamo Nafi'u.

A gaban masu zaman makoki Malam Bashari ya tambayi wanda ya buɗe ƙofa. Zubairu ya ce shi barci yake yi. Uban ya juya ya dubi Inna Yalwa, ya ce abu ɗaya tal ya roƙe ta, sakata. Bai ƙara ba, bai kuma janye ba har ya koma ga Allah. Ita kuwa ta yarda cewa mantawa ta yi. Ranar sadakar uku Zubairu ya saci jiki ya jefa kaset ɗin a kududdufi, don ya san muryarsa na ciki. Tun daga ranar bai sake bin hanyar ba.

Shekara talatin da biyar yana kallon uwarsa tana duba sakata sau uku kafin ta kwanta, sau uku bayan ta kwanta. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya kai ta Makka. Magana guda ce dai bai faɗa ba. Kullum yana cewa gobe, ga ta kuma tana ta tsufa, har ido ya fara yin hazo. Abin yana cin sa, wallahi, amma tsoron fuskarta ya fi ƙarfinsa.

To, bara rufin ɗakin zaure ya fara yoyo. Ana fitar da kaya sai ga kwamfutar nan a cikin akwati, an naɗe ta da tsohon bargo. Kun san mai gyara, hannunsa ba ya zama. Ya ce wa kansa dubawa kawai zai yi. Ya buɗe ta, ya canza 'yan kayan da suka kumbura, ya goge tsatsa. Ya yi odar wata 'yar na'ura da ba ta fi kwalin ashana ba, wadda ake sa wa katin memori ta maye gurbin rikoda. Ya samo wayar da za ta haɗa ta da talabijin na zamani, ya jona komai da batirin sola. Tsofaffin gem kuwa ya sauko da su daga intanet, fiye da ɗari.

Ya kunna. Ta kawo. Gem ɗin da a da sai ka yi alwala ka dawo bai gama shiga ba, yanzu kafin ƙiftawar ido ya fito. Duk suka yi, sai guda ɗaya.

Na tsani.

Da ya zaɓe shi sai ya fara shiga a hankali, da ƙarar gyaren nan, alhali kati ba ya ƙara. Ya kai rabi, ya tsaya cak. Allo ya yi baƙi. Sai wani shuu a lasifika, irin na kaset ɗin da ba komai a kai. Ya sake sauko da shi daga wani wuri, haka. Daga wuri na uku, haka. Kullum a daidai gurbin da yatsan Nafi'u ya danna. Rana ta huɗu ya kara kunnensa a lasifika. Can ƙarƙashin shuu ɗin ya ji ƙarfe yana gogar ƙarfe, kamar ana zare sakata.

Ya kashe komai, ya yi kwana biyu bai shiga ɗakin ba. Sannan ya ce ai na'urar ce ba ta da kyau, bari ya juye gem ɗin a kaset ya gwada ta tsohuwar hanya. Ya ɗauko rikodar, ya tarar robar da ke juya kaset ta narke. Ya kai ta wajen wani tsoho mai gyaran rediyo a ƙetaren unguwa, aka sa mata sabuwa.

Yana dawowa rana ta take tsaka. Ya tarar an haƙe titin da ya saba bi ana sa kwalbati, babu wajen wucewa. Hanya ɗaya ta rage, ta bakin kududdufi. Ya tsaya. Ya dubi rikodar da ke hammatarsa. Ya ce shi da furfura a gemu, me zai ji tsoro da rana tsaka? Ai kun ji wautar. Wa ya gaya masa da dare kaɗai mutanen ɓoye suke fita?

Hanyar shiru. Ba yaro, ba akuya, ko ƙuda babu. Ruwan ya janye saboda zafi, sai taɓo da ledoji. A gindin wata giginya wani dattijo yana zaune, da farar riga, kansa sunkuye. Zubairu ya yi masa sallama.

Aka amsa. Amma daga bayansa aka amsa.

Ya waiga, ba kowa. Ya juyo, dattijon yana nan yadda yake. Ƙasar wajen busasshiya ce har ta tsattsage, amma ƙafafun mutumin jiƙe suke, ruwa na ɗiga. Zubairu ya ƙara dubawa. Dugadugan ne a gaba. Yatsun suna kallon baya.

Ya so ya karanta Ayatul Kursiyyu, bakinsa ya ƙi. Ya tsaya inda yake.

"Ɗan Bashari," in ji muryar. Kafin kowace kalma sai an ji shuu ɗin nan. "Ka daɗe."

"Baba, wucewa zan yi."

"Ajiyarka fa?"

Dattijon ya miƙo hannu ba tare da ya ɗaga kai ba. Kaset ne. Da gansakuka a jikinsa, ruwa na zuba daga ramukansa biyu. A kan takardar, da rubutun Zubairu na yarinta, an sa TSANI, ko harafi ɗaya bai goge ba.

Zubairu ya ce ba ya so. Ya ce don Allah a bar shi inda yake. Muryar ta ce su ba su ci yaron ba, santsi ne ya ja shi, kuma shi yana inda Mai shi ya ajiye shi. Amma abin nan da aka jefo musu, kullum bayan azahar sai ya yi magana a ƙarƙashin ruwa, yaransu ba sa barci. Sun yi haƙuri shekara talatin da biyar, sun gaji.

"Kai wa mai shi."

"Wane ne mai shi?"

"Wadda take zuwa nan duk Juma'a, kuna masallaci. Ta tsuguna a nan inda kake tsaye. Ta ce, Nafi'u, ka yafe mini, barci ne ya ɗauke ni."

Zubairu bai taɓa sanin uwarsa tana zuwa ba. Tsohuwa da sanda, ido ba ya gani sosai, duk mako. Ya ji kunya ta rufe shi har ta fi tsoron. Ya miƙa hannu ya karɓa. Kaset ɗin sanyi ƙalau kamar an ciro shi daga randa. Da ya ɗago, babu kowa a gindin giginya, sai sawu biyu jiƙaƙƙu, waɗanda ba ka iya cewa shiga ruwan suka yi ko fitowa.

Bai san yadda ya kai gida ba. Ya shiga ɗakin zaure ya zauna, kaset a cinyarsa. Shaiɗan ya zo masa da shawarwari masu kyau. Ya ƙone shi. Ya binne shi. Ya bari sai bayan salla. Yana cikin haka ya ji takun sandar Inna Yalwa a tsakar gida, ta nufo zaure. Ya ji ta laluba sakata, ta ja ta, ta tura, ta sake ja. Da rana tsaka, gidan ma babu ƙaramin yaro.

Ya tashi ya ce, Inna, ki shigo, akwai abin da za ki ji.

Ta zauna a bakin tabarma. Kun san ɗan fari ne, ba ta taɓa kama sunansa ba tun da ta haife shi, "ɗan nan" take ce masa. Ta ce ɗan nan lafiya? Ya jawo rikodar gabanta. Maɓallin mayarwa na rikodar ya daɗe da mutuwa, sai ya sa biro ya juya kaset ɗin da hannu har farko. Ya saka. Ya danna.

Ƙarar gyare. Sai ƙas. Sai muryar yaro mai shekara goma sha biyu tana zagi. Mari. Kuka. Jan ƙafa a ƙasa. Can nesa, ƙarfe ya gogi ƙarfe.

Inna Yalwa ta ɗago kai. Wannan ƙarar ta san ta fiye da kowa a duniya.

Aka ji "tafi kududdufi", aka ji ƙofa ta rufu. Sai shuu. Zubairu ya kai hannu zai kashe, don a saninsa nan ne ƙarshe. Ta riƙe masa hannu. Ashe tagar ɗakin tana kallon lungu, kuma ran nan yaron bai wuce kai tsaye ba. Ya zagayo ta taga, yana zaton yayansa na ciki. Wata 'yar murya ta fito daga rikodar, tana jan majina.

"Yaya. Yaya, ka yi haƙuri. Ba zan gaya wa Inna ba. In na dawo za ka ba ni in buga?"

Ya jira amsa. Ana jin numfashinsa. Sannan takun ƙananan silifa, suna nisa.

Zubairu ya kife a gabanta. Ya ce shi ne, shi ya zare, ta sa sakatarta daidai, ƙarya ya yi wa Baba. Ya faɗa ya sake faɗa, yana kuka irin wanda bai yi ba ranar jana'izar. Ita ba ta yi kuka ba.

"Zubairu," in ji ta.

Ran nan ya fara jin sunansa a bakinta, ya kuma gwammace bai ji ba.

"Mayar da shi baya. Na manta muryarsa."

Ya sa biro ya mayar. Ta sake ji. Ya sake mayarwa. Da ya ga abin ba zai ƙare ba, ya ce zai iya yanko maganar Nafi'u kaɗai ya sa mata a kati, ta riƙa ji a waya, ba sai an bi ta kan zagin da marin ba. Aikin minti biyu ne a wajensa.

Ta ce a bar shi yadda yake.

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta dai daina zuwa kududdufi, ta daina duba sakata. Amma kullum bayan azahar Zubairu yana rufe shago ya zo gida, ya zauna a gabanta da biro, ya juya kaset da hannunsa, ya danna. Sai ya saurari kansa tukuna kafin a kai ga ƙanensa. Gem ɗin tsani kuwa tun ran nan yake shiga lafiya lau. Mutane biyu na tsaye a gindin tsani suna jira, ba wanda ya taɓa su.

Kai Sadi, rufe bakinka, sauro zai shiga. Na san kuna yanke ta bakin kududdufin nan in an aike ku, don kada ku zagaya. To, kada wanda ya ƙara bi shi kaɗai, ko da rana ta take tsaka. Ba komai suke ci ba, amma duk abin da aka jefa musu suna ajiyewa. Ladidi, tashi ki duba ƙofa. Ki tafi da ƙanenki, ki riƙe masa hannu.