Dokar Ajin Malam Bokiti

Ni na fara gani. Tun su biyun ba su san abin da ke damunsu ba, ni na sani, daga kan bencina na bakin get. Shekara talatin da ɗaya ina gadin makarantar nan. Shugabanni bakwai sun zo sun tafi, rufin ɗakin gadi ya rufto mini sau biyu, maciji ya sare ni, shi ne ya mutu. Ban taɓa zaman aji ba, amma ba a yi wa idona wayo.

Ranar da sabon malamin kimiyya ya shigo da bokiti biyu da igiya a kafaɗa, malamar kwamfuta tana tsaye a wurina.

Ta ce, "Mai ruwa, famfon yana baya."

Ya ce, "Darasi ne a ciki, Malama."

Ta yi dariya har ta manta makullinta a hannuna. Na ce a raina, an gama.

Shi wannan Malam Bokiti, haka yara suka sa masa, ba ya koyarwa kamar mutane. Yara rukuni-rukuni, suna aunawa, suna musu. Dokar ajinsa ɗaya ce: wanda ya shigo ba ya tsayawa kallo, sai an ba shi aiki. Malamar kwamfuta ke ɗaukar bidiyon darasin ta ɗora a intanet, malaman wasu makarantu su sauke su gwada.

Saƙonsa na farko ni ta karanta wa: "Hasken ajina, yau yara sun gane darasin nauyi. Ni ne na kasa auna naki a zuciyata."

Ta rubuta masa: "Je ka duba takardun yara."

Amma tana rubutawa tana murmushi.

Sai wata rana ta daina gaishe shi. Wai akwai wata mai hoton fure da ke jera masa jajayen zukata ƙarƙashin kowane bidiyo, goma-goma. Ya rantse bai san ta ba. Kwana huɗu yana ramewa. A na biyar ta nuna mini hoton ta ce, "Baba, dubi marar kunyar."

Na zaro wayata, tsohuwar wayar 'yata ce, furen yana nan. Na ce, "'Yar nan, ni ban iya rubutu ba. Jan abin nan kaɗai na iya dannawa."

Ta zauna a ƙasa don dariya. Ni na ɓata, ni na gyara, kuma ban ga laifina ba.

Babbar matsalar ita ce mahaifinta, tsohon hedimasta. Ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mai wasa da yara ba. Shi mataimakin shugabanmu yake so, wanda ajinsa shiru kamar asibiti, yara na kwafa wuya na ciwo.

Tsohon hedimastan ya zo da kansa don ya kama surutun da kunnensa. A get ya ce, "Mai gadi, ina ajin hayaniyar?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, daga taga ba a jin komai. Sai ka shiga."

Ƙarya na yi. Daga titi ma ana ji. Dokar nake so ta kama shi.

Yana sa ƙafa, rukuni na uku suka miƙa masa igiya. Bokiti cike da yashi za a ɗaga da ƙafar keke da aka rataye a ƙarfe. Ya buɗe baki zai yi faɗa, wata ɗaliba ta ce, "Kaka, ba ta nan ake ja ba."

Ya ce, "Ni? Shekara ashirin ina koyar da wannan a allo."

Ta ce, "To ja mu gani."

Ya ja, bokiti bai motsa ba. Ya cire hula. Ya naɗe hannun riga. Aka buga ƙararrawa yana cewa, "Kada kowa ya fita, saura kaɗan." Da bokitin ya tashi, shi ya fi kowa ihu. 'Yarsa na bakin ƙofa da waya.

A gida ya ce har yanzu bai yarda ba. Matarsa ta kunna masa bidiyon ta ce, "Malam, wannan mai tsallen wane ne?"

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ki ce wa mai bokitin nan ya turo manyansa. Kuma ya zo da ƙafar keken, akwai abin da ban gama ba."

An ɗaura aure bayan hutu. Mataimaki ya zo, ya zauna shiru kamar ajinsa. Ango ya riƙe hannuna ya ce, "Baba, kai ne mai furen da ta kusa kashe ni." Na sa musu albarka, Allah ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu tambaya.

Wanda ya ce ƙarya nake, bidiyon yana nan da iznin hedimasta, da jajayen zukatana goma a ƙasa. In bai ishe shi ba, ya zo get ya same ni. Zan nuna masa ajin, in ce masa daga taga ba a jin komai.