Famfon Bayan Gidan Zofia

Da safiyar Talata aka tsinci Zofia Wolak kwance a gindin famfon bayan gidanta a Adaminaby, wani ƙaramin gari mai tsananin sanyi a cikin duwatsu, kwanon ruwan kaji kife a gefenta, kajin na zagaye da ita suna ta caccakar ƙanƙara. Ta haura tamanin. Tafin hannunta na dama ya ƙone daidai faɗin kan famfo.

Sajan Raelene Pugh ta dubi hannun, ta dubi famfon, ta mayar da nata hannun aljihu. Bututun a naɗe yake da tsohuwar wayar ɗumama, irin wadda ake sa wa bututu don kada ruwa ya daskare, robarta duk ta tsattsage. An lulluɓe ta da hannayen wata koriyar suwaita guda biyu, an ɗaure tsaf da igiya.

A akwatin mita ta tarar da babban makunni a kashe. Sabuwar na'urar kariya, wadda aikinta ta yanke wuta da zarar ta fara zurara, tana nan fes, sai dai wani ya tsallake ta da guntuwar waya mai rigar zare, ya liƙe bakin da dalma.

Sufeto ya kira daga babban ofishinsu na Cooma. Bai ga gawa ba, bai ga famfo ba, amma ya riga ya gano mai laifi.

"Wa ya sa na'urar? Kamo shi. Ki kawo mini shi kafin la'asar."

Brodie Tulk ne ya sa ta, yaron da bai daɗe da samun lasisi ba. In ya shiga motar 'yan sanda, lasisin ya tafi, wataƙila har da 'yan shekaru a gidan yari. Raelene ta san shi tun yana satar tuffa. Ta ce wa Sufeto to, ta kashe waya.

Ta fara da Declan, ɗan ƙanen marigayiyar, wanda ya zo hutu daga Sydney sanye da rigar hawan dutse da ba ta taɓa hawan komai ba sai mota. Shi zai gaji gidan.

"Gidan nan yana da ruhi, Sajan," ya ce. "Kullum ina gaya wa Gwaggo, katakon nan magana yake yi."

"Me ya ce maka game da waya?"

"Na'am?"

"Nuna mini akwatin mita."

Ya shige gaba da taƙama, ya zagaya da ita gefen kicin, ya nuna mata tukunyar gas. Raelene ta yi masa godiya, ta ce ya koma ciki kada ruhin ya ji kaɗaici.

Brodie kuwa ta same shi zaune a cikin motarsa a bakin titi, idanu jajur.

"Wallahi Anti, na gaya mata. Ran da na sa na'urar na zare wayar bututun nan daga soket, na ce ta jefar. Bayan nan ta yi ta kira, wai wuta na ɗaukewa duk asuba. Na ce ai dole, an mayar da wayar nan ke nan."

"Wa ya mayar?"

"Ta ce ba ruwana."

"Kana amfani da dalma?"

"A akwatin mita? Wa ke yi yanzu? Kakana ne na ƙarshe da na ga yana yi."

Saura maƙwabcin Zofia, Aldo Pellizzer, wanda ya fara ganin gawar. Cikin masu haƙa ramukan madatsar ruwa ya zo garin yana saurayi, bai koma ba. Shi ke faskara wa Zofia itace tun rasuwar mijinta, ita kuma tana zaginsa kan ya faskara da kauri. Raelene ta same shi a kicin ɗinsa, murhu a mace, shayi a gabansa ya huce. Tsohuwar karyarsa na kwance ƙarƙashin tebur.

"Sannu Baba."

"Zauna, 'yata. Ba ni da abin ba ki, ban hura wuta ba."

"Yaya aka yi ka gan ta?"

"Kullum da safe takan leƙo ta katanga ta ce, tsohon banza, ba ka mutu ba? In ce sai kin riga ni. Yau ban ji ta ba." Ya juya kofin. "Na leƙa na gan ta a ƙasa. Na ce zuciya ce."

"Zuciya."

"A shekarunmu me ya rage?"

"Ka taɓa ta?"

"Na ɗaga kanta. Ta yi sanyi."

"Kafin ka kashe makunni ko bayan ka kashe?"

Karyar ta fito tana miƙa. Sanye take da koriyar suwaita, an yanke hannayen biyu daga kafaɗa, ƙafafunta na gaba sun fito ta ramukan.

Raelene ta daɗe tana kallon karyar, don ta fi sauƙin kallo.

"Baba, wanda ya zaci zuciya ce wajen mutum yake rugawa, ba wajen mita ba. Na tarar da wuta a kashe, Declan ko akwatin bai sani ba, Brodie bai iso ba sai bayana. Kai ka kashe, don ka san abin da ke cikin famfon. Dalmar nan aikin mutanen zamaninku ne. Hannayen rigar nan kuma suna can jikin bututu."

Aldo ya sa hannu ya shafa kan karyar.

"Bara da bututun ya daskare," ya ce, "tafasasshen ruwa ta ɗauko a buta za ta zuba masa, santsi ya kwashe ta. Ta kwanta asibiti da karayar ƙugu. Na rantse ba za ta sake ɗaukar buta ba. Shi ya sa na mayar da wayar. Sai abin nan na yaron ya dinga ɗauke wuta, ta farka cikin sanyi, hita a mace, tana rawar ɗari. A zamaninmu in fis ya dame ka da ɗauke wuta, waya mai kauri kake sa masa ka ci gaba da aiki. Haka muka huda duwatsun nan."

"Na'urar ba lalacewa ta yi ba."

"Na sani yanzu. Gaskiya take ta faɗa mana kowace asuba, na toshe mata baki." Ya ture kofin gefe. "Zofia ta ce, Aldo, yaron ya ce kada a taɓa. Na ce yaushe aka haifi yaron?"

Waya ta yi ƙara a aljihun Raelene. Sufeto ne. Ta bar ta ta gaji ta yi shiru.

Aldo ya miƙe da ƙyar, ya ɗauko hularsa daga ƙusa, ya tsaya yana ɓalla maɓallin kwat.

"Yaron yana waje?"

"Yana cikin motarsa."

"To mu bi ta wajensa tukuna, 'yata. Kada ya ji a bakin wani cewa aikinsa daidai ne."